Allurar feftayid da ake cewa tana wanke jijiyoyin jini: wa ya san gaskiyar maganar?

Abban Khalil: Salam jama'a barkanmu da dare. Dan Allah masana lafiya na gidan nan ina neman ƙarin haske. Yayana ne ya samu bugun zuciya bayan babbar sallah, an kwantar dashi an sallamo shi alhamdulillah, likitoci sunce kitse ne ya toshe masa jijiya ɗaya ta zuciya, suka ɗora shi akan Atorvastatin da asfirin da maganin hawan jini. Toh yanzu wani abokin kasuwancinsa ya turo masa bidiyo wai akwai wata allura feftayid da ake kawowa daga waje, wai cikin wata ɗaya take wanke jijiya tas, wai turawa sun daɗe da saninta kamfanonin magani ne suke ɓoyewa. Shi kuma dama ya gaji da shan ƙwaya kullum yana cewa cinyoyinsa na masa ciwo, har ya fara maganar a tura kuɗi. Meye gaskiyar abin nan?

Sista Rabi: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara masa lafiya. Kafin manya su zo, dan girman Allah kar ya tura ko sisi kuma kar ya ajiye maganinsa ko na kwana ɗaya, musamman asfirin ɗin in har an sa masa ƙarfe a jijiyar.

Hajiya Famasi: Abban Khalil ka tambayo mana sunan da aka rubuta a jikin kwalbar. Feftayid ba magani ɗaya bane, aji ne guda. Furotin ɗin jikinmu duk da amino asid ake haɗa shi, iri 20 ne, in jerin ya yi gajere kaman 10, 20, 40 shine feftayid, in ya yi tsawo ya zama furotin. Insulin da masu ciwon suga ke yi amino asid 51 ne kuma tun 1922 ake yiwa mutane. Akwai na gaske masu rijista, akwai waɗanda basu wuce ɗakin gwaji ba, akwai na 'yan damfara. Sai mun ga suna.

Abban Khalil: Na dubo Hajiya. BPC-157 aka rubuta, sannan a ƙasa da ƙananan haruffa na turanci wai don bincike ne kawai ba don a yiwa mutum ba.

Hajiya Famasi: Toh kaji, su da kansu sun wanke hannunsu. BPC-157 amino asid 15 ne, galibin binciken da aka yi dashi akan ɓeraye ne kuma akan warkewar rauni da gyambon ciki da jijiyar ƙashi, ba jijiyar zuciya ba. Hukumar magunguna ta Amurka bata amince dashi a matsayin magani ba, hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi tun 2022. 'Yan ɗaga ƙarfe ne suka yayata shi a intanet. Ba lambar NAFDAC, ba wanda ya duba tsaftar abinda ke cikin kwalbar, kuma mai ciwon zuciya da ke shan maganin tsinka jini zai dinga tsira wa kansa allura a gida, haba.

Sarkin Gardama: Ni dai duk sanda akace hukuma bata amince ba sai in ƙara zargi. Su waye hukumar? ba kamfanonin ne ke juya su ba

Dakta MK: Sarki ka ɗan jira zan zo kanka. Bari in fara da maganar wankewa, don anan masu tallan nan suke kama mutane. Kitsen bai kwanta a cikin hanyar jinin ba balle wani ruwa ya bi ya ɗauraye shi, a cikin naman bangon jijiyar yake. Kolastarol ɗin da ake kira LDL ne yake kutsawa ƙarƙashin fatar ciki ta jijiya ya maƙale ya lalace, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su haɗiye shi, su cika da maiƙo su mutu a wajen, wasu su biyo baya, wurin ya kumbura. Kusan maruru ne a cikin bango, da mugunya a ciki da 'yar fata a rufe. Ranar da fatar nan ta fashe jini ya daskare a kai, nan take hanya ta toshe, in a zuciya ne bugun zuciya in a ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki. Kuma abin shekaru yake ɗauka, a 1953 likitocin sojan Amurka sun duba zukatan sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, samari ne 'yan wajen shekara 22, kusan kashi 77 cikin 100 an ga abin ya riga ya fara a jijiyoyinsu. Abinda ya taru a shekara 30 ba allurar da zata kwashe shi a wata ɗaya. Aikin sitatin, wato ajin Atorvastatin da yayanka ke sha, shine ya rage LDL ya kuma kwantar da kumburin, fatar ta yi kauri kar ta fashe.

Ɗan Samaru: Dakta ka gama magana akan BPC, amma a yi adalci, tunanin feftayid mai kwaso kolastarol daga bangon jijiya ba 'yan TikTok ne suka ƙirƙiro shi ba, ilimi ne na gaske kuma shi nake karantawa yanzu. Labarin ya faro daga wani ƙauye a arewacin Italiya, Limone sul Garda, a bakin tafki. Wajen 1980 masu bincike na jami'ar Milan, Cesare Sirtori da Guido Franceschini, suka gano wani mutumin ƙauyen HDL ɗinsa ƙasa sosai, wato kolastarol ɗin da ake kira mai kyau, a lissafi ya kamata ace jijiyoyinsa sun lalace amma lafiyarsu ƙalau. Aka bi mutanen ƙauyen aka samu kusan 40 masu irin wannan, duk dangi ɗaya ne. Babban furotin ɗin HDL sunansa apoA-I, amino asid 243, nasu guda ɗaya tak ya canza. Aka sa wa nasu furotin ɗin suna Milano. Aikin apoA-I shine ya karɓo kolastarol daga ƙwayoyin da suka ƙoshi dashi ya kai hanta ta fitar ta bile, wato ruwan matsarmama.

Toh yin furotin mai 243 a masana'anta tsada gareshi, sai a 1985 su Segrest da Anantharamaiah a jami'ar Alabama da ke Birmingham suka haɗa gajere mai amino asid 18 kacal da yake kwaikwayon siffarsa, gefe ɗaya na son mai gefe ɗaya na son ruwa. Daga shi aka samu wani feftayid mai suna 4F. Su Navab da Fogelman a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka yi shi da amino asid na juyi, wanda ruwan ciki baya iya narkarwa, suka kira shi D-4F, a 2002 suka ba ɓeraye ta baki, tabon jijiya ya ragu da sama da kashi 70 kuma ba tare da kolastarol ɗin jininsu ya sauka ba. Wannan ai ba ƙaramin abu bane.

Dakta MK: Ƙanena cigaba mana, kar ka tsaya a ɓeraye 😄 faɗa musu abinda ya faru da aka zo kan mutane.

Ɗan Samaru: Hhhh Dakta zan faɗa. D-4F a mutane, rahoton 2008 ya nuna baya cutarwa amma abinda ke shiga jini daga ciki ko kashi 1 bai kai ba. Ɗan uwansa L-4F kamfanin Novartis ya gwada ta allura, 2011, ya shiga jini sosai amma alamomin da ake aunawa basu gyaru ba.

Dakta MK: Yauwa. Bari in ƙarasa maka da manyan. Shi Milano ɗin gaba ɗayansa an gwada shi a 2003, mutum 47 suka kammala, ƙarin ruwa sau ɗaya a sati har sati 5, aka ga tarin ya ragu da kusan kashi 4, duniya ta ɗauka. Kamfanin Pfizer ya saye ƙaramin kamfanin da ke da maganin akan dala biliyan 1.3. Da aka sake gwadawa da kyau a 2016 babu bambanci da wanda aka ba ruwan wofi, wato marar magani a ciki. Sai CSL112, apoA-I da aka tace daga jinin mutane, aka gwada akan mutum sama da 18,000 da basu daɗe da bugun zuciya ba, sakamako ya fito 2024, a kwana 90 kashi 4.8 a ɓangaren magani 5.2 a ɓangaren wofi, bambancin bai kai a kafa hujja dashi ba. Ta leƙo ta koma kenan har sau nawa. Ga kuma Torcetrapib, ƙwaya ce ba feftayid ba, ta ɗaga HDL sama sosai amma a Disambar 2006 aka tsayar da gwajin saboda masu shanta sun fi mutuwa. Ni a asibiti lambar HDL bata ɗaɗa ni da ƙasa ba yanzu, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Ɗan Samaru: Anan ne zamu rabu Dakta. Yawan HDL daban, aikin HDL daban. Kuma a gwajin CSL112 ɗin da aka ware waɗanda LDL ɗinsu ya kai 100 a ma'aunin mg an ga alamar amfani. Sannan kwana 90 yayi kaɗan a ciwon da kai da bakinka kace shekara 30 yake taruwa. Cibiyar binciken lafiya ta Amurka ma su Alan Remaley suna da nasu mai suna 5A da suka kai matakin farko na gwajin mutane. Ni ban yarda ƙofar ta rufu ba.

Dakta MK: Duk gwajin da ya faɗi in ka yayyanka mutanen gida-gida sai ka samu gidan da ya ci, wannan sai dai ya zama dalilin sake wani gwajin, ba dalilin rubutawa mara lafiya ba. Bance a daina bincike ba, kai ka cigaba Allah ya sa ta hannunka za a dace, amma yayan Abban Khalil yau yake buƙatar magani.

Baffa Sule: Yara kuna ta kawo sunayen turawa. Mu da muka tashi da man shanu da fura da nono bamu san wannan ciwon ba. Tafarnuwa da zogale da citta sun ishi mutum in Allah ya yarda.

Ɗan Samaru: Baffa ran ka ya daɗe bari in baka wanda zai maka daɗi. Mutanen Los Angeles ɗin nan da suka ga tsadar haɗa feftayid sai suka sa shi cikin irin tumatir, sunansa 6F, tumatirin da kansa yake yinsa, suka busar suka niƙa suka zuba a abincin ɓeraye, 2013. Kumburi ya ragu tabon jijiya ya ragu. Abin mamakin da suka duba jini basu ga feftayid ɗin ba, a cikin ƙaramin hanji suka same shi, wato daga hanji yake aikin, yana kama gurɓataccen maiƙo kafin ya tada kumburi a jiki.

Baffa Sule: Toh kaga ni, ashe dai lambu za a koma. A kawo irin Kadawa mu shuka 😂

Sista Rabi: Baffa kar gobe mu ji an fara tallan garin tumatir mai wanke jijiya, wlh mutanen nan da kaɗan suke kamawa. Ba tumatirin kasuwa bane kuma ɓeraye aka ba. Sannan Baffa lokacinku fa ƙafa kuke takawa zuwa gona da kasuwa, ba lemon kwalba ba zaman shago daga safe har dare, kuma da yawa an rasa su ne akace faɗuwa yayi a banɗaki ko iska ce ta buge shi, ba wanda ya auna.

Dakta MK: Gaskiyar Sista. Akwai babban bincike akan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Gana mai suna SIREN, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya a ciki, rahotonsa na 2018 ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba, sai matsalar kitsen jini tana biye. Baffa ka ci zogalenka da tafarnuwa ba wanda ya hana, abinci ne mai kyau, amma wanda jijiyarsa ta riga ta toshe sau ɗaya ba zasu kai masa LDL inda ake so ba.

Sarkin Gardama: Dakta kace zaka zo kaina. Kuma naji ka ambaci Pfizer, mu 'yan Kano za'a gayawa Pfizer? 1996 lokacin sanƙarau yara 200 aka sa a gwajin maganinsu Trovan, 11 suka rasu, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha akan dala miliyan 75. Sannan ace in yarda da duk abinda suka ce

Dakta MK: Ban ce ka manta ba Sarki, abin ya faru kuma shi yasa har yau muke shan wuya wajen riga-kafi. Amma ka dubi lissafin da kyau. Kamfanin da ya zuba dala biliyan 1.3 akan magani, da yana aiki ɓoye shi zai yi ko sayarwa? Asara suka tafka. Kuma darasin 1996 shine kar a sa wa mutum abinda ba a tantance ba kuma ba a masa bayani ba. Toh mai sayar da BPC a waya me yake yi in ba haka ba, har gara ma wancan akwai wanda aka kai kotu, wannan in abu ya faru layinsa kawai zai kashe.

Sarkin Gardama: Wannan kam ka kama ni ta wani gefen amma ban sauka ba

Nura Jidda: Slm. Ni ina cikin masu amfani da feftayid na gaske, Ozempic, likitana anan ya ɗora ni saboda suga da ƙiba. Allura ɗaya a sati a fatar ciki. Watan farko na sha tashin zuciya ba kaɗan ba, ko ƙamshin kabsa bana so, daga baya ya lafa. Tumbi ya sauka suga ya daidaita. Likitan yace yana kare zuciya ma, Dakta haka ne ko daɗin baki ne?

Dakta MK: Haka ne Malam Nura, wannan yana da hujja. Sunan maganin Semaglutide, amino asid 31, kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, GLP-1. Na jikinmu minti kaɗan yake yi ya lalace, sai aka gyara shi aka maƙala masa jelar maiƙo yadda zai riƙe furotin ɗin jini ya kai sati. Na farko a ajin, Exenatide, daga yawun wani ƙadangare mai dafi na hamadar Amurka aka samo shi, aka amince dashi 2005. Gwajin da ya canza lissafi shine SELECT, ya fito ƙarshen 2023, mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya amma basu da suga, cikin masu allurar kashi 6.5 suka samu bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwa ta dalilin zuciya, cikin na wofi kashi 8. Ragin kashi 20 kenan. Alamar kumburi ta jini da muke kira CRP ita ma ta sauka da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Amma ku lura, kusan duk mutanen nan suna kan sitatin ɗinsu, ƙari aka yi musu ba musanya ba.

Ɗan Samaru: Kuma LDL kaɗan ya motsa a gwajin nan, wato ba ta nan amfanin ya biyo ba. Ya ƙara ƙarfafa maganar kumburi. Tun 2017 gwajin CANTOS ya nuna haka, mutum 10,061, allurar Canakinumab bata taɓa kolastarol ko kaɗan, kumburi kawai take kashewa, amma haɗari ya ragu da kashi 15.

Dakta MK: Eh, sai dai ya ƙara mutuwa ta hanyar kamuwa da ƙwayoyin cuta tunda garkuwa ya danne, ga tsada. Shi antibodi ne, wato babban furotin irin na garkuwar jiki, ba feftayid ba. Abin dariyar shine wanda ya samu shiga ta wannan ƙofar ta rage kumburi tsohon maganin ciwon gaɓoɓi ne mai araha, Colchicine, mg 0.5 a rana, Amurka ta amince dashi don zuciya a 2023, duk da wani babban gwaji na 2024 bai ga amfaninsa ba, har yanzu likitoci na kai ruwa rana akai. Kar wani ya je kemis ya saya, mai ciwon ƙoda ko hanta zai iya illata kansa dashi.

Sista Rabi: Tunda an ambaci Ozempic bari in yi magana da mata. Yanzu yayi ne, amare da masu jego ana ta nema don a rame kafin biki, ana saya a hannun masu kayan mata. Hukumar lafiya ta duniya ta fitar da gargaɗi a Yunin 2024 akan jabunsa da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka, toh in can an samu jabu ina ga nan. Wasu jabun insulin ake zubawa a ciki, mace lafiyarta ƙalau suga ya faɗi ta sume. Mai ciki bata yi, mai shirin ɗaukar ciki sai ta daina da wata 2, wanda ya taɓa ciwon saifar suga wato fankiriyas ko akwai wani irin kansar maƙoshi a danginsu dole likita ya sani.

Issoufou Maraɗi: Salam 'yan uwa. Ni tambayata zafi. Nan wajenmu watan Afrilu ana kai digiri 44, wutar ma sai a hankali. Magungunan nan na allura suna jure haka?

Hajiya Famasi: Malam Issoufou ka taɓo inda ke mana ciwo. Alƙalamin allurar Ozempic kafin a buɗe firij yake so, digiri 2 zuwa 8, kar ya daskare. In an fara amfani dashi zai iya kwana 56 a waje amma kar zafi ya wuce 30. Wane ɗaki ne a Maraɗi ko Sakkwato yake ƙasa da 30 a bazara? Feftayid in ya sha zafi siffarsa ke lalacewa, kana gani ruwa garau amma ƙarfin ya ragu. Ni a shago sola na sa wa firij ɗin insulin saboda haka. Wanda ya biyo mota daga iyaka a cikin but kam ko na gaske ne ban bada tabbacinsa ba. Shi yasa ni labarin ƙwayar nan ta kamfanin Merck yafi burge ni akan duk wanda kuka lissafo, Ɗan Samaru kai zaka fi iya bayaninta.

Ɗan Samaru: Enlicitide. Toh a fatar ƙwayoyin hanta akwai wasu 'yan hannaye masu cafke LDL daga jini, su Brown da Goldstein suka gano su har suka ci kyautar Nobel a 1985. Akwai kuma wani furotin PCSK9 da aikinsa shine lalata hannayen nan. A 2003 aka gano iyalai a Faransa da nasu PCSK9 ɗin yayi ƙarfi da yawa, kolastarol ɗinsu a sama tun suna yara. Sai aka samu akasin haka a baƙaƙen fatar Amurka, kusan 1 cikin 40 an haife su ɗaya daga cikin gadonsu biyu na PCSK9 baya aiki, rahoton 2006 ya nuna LDL ɗinsu ƙasa da kashi 28, ciwon jijiyar zuciya kuma ƙasa da kashi 88 cikin shekara 15. Kuma gadon daga nan ya tafi, an samu irinsa a wasu Yarabawa da aka gwada a Najeriya. Daga nan kamfanoni suka ce toh mu kashe shi da magani. A 2015 Repatha da Praluent suka fito, antibodi ne, allura duk sati 2, suna sauke LDL da kusan kashi 60, farashin farko wajen dala 14,000 a shekara, kuma firij suke so.

Matsalar yin ƙwaya itace wurin da PCSK9 ke manne wa hannun shimfiɗaɗɗe ne ba rami, ƙaramin magani baya samun wurin kamawa, babba kuma ciki zai narkar dashi. Sai suka haɗa feftayid suka naɗe shi zobe, ba kai ba jela da ruwan ciki zai fara ci ta nan, suka haɗa da wani sinadarin maiƙo da ke taimaka masa ya ratsa hanji. A Nuwamban 2025 aka gabatar da gwajin mataki na uku a taron likitocin zuciya na Amurka, mutum kusan 2,900, ƙwaya ɗaya ta mg 20 a rana, LDL ya sauka da kusan kashi 56 a sati 24. Daidai da allurar kusan.

Dakta MK: Wannan ni ma ina sa rai dashi fiye da su 4F, saboda hanyar sananniya ce, allurar Repatha ta riga ta nuna a 2017 akan mutum 27,564 cewa toshe PCSK9 na rage haɗari. Amma na Enlicitide kansa mai ƙirga bugun zuciya da mutuwa, mutum sama da 14,000, ana kan yi bai ƙare ba. Kuma shi ma akan sitatin aka ɗora wa mafi yawansu.

Abban Khalil: Jama'a na gode ƙwarai, na tura masa duka. Yace toh ciwon cinyar fa, haka zai ta haƙuri?

Dakta MK: A'a ya koma wajen likitansa ya faɗa. Ana auna wani sinadarin tsoka a jini, a duba maƙoshi da sauran magungunan da yake sha, ana iya rage ƙarfin ko a canza zuwa Rosuvastatin, a ƙara Ezetimibe wanda ke tare kolastarol daga hanji, duk akwai su a nan kuma ba tsada can ba. In ciwon yayi tsanani ko fitsari ya yi duhu sosai kar ya jira ranar asibiti, ya tafi a ranar. Amma ka gaya masa wannan, a Landan an yi wani gwaji 2020 da mutum 60 da suka daina sitatin saboda ciwon jiki, wani watan a basu na gaske wani watan ƙwayar wofi basu san wanne bane, kashi 90 na ciwon da suka ji da na gaske sun ji shi da na wofin ma. Ciwon gaskiya ne suna jinsa, amma ba kullum maganin ne ya kawo shi ba, rabinsu sun koma sha. Irin yayanka ana so LDL ya sauka ƙasa da 1.8, Turai ma 1.4 suke cewa, in takardar da mg aka rubuta 70 da 55 kenan.

Sarkin Gardama: Toh ita ƙwayar Merck ɗin in ta iso nawa za'a sayar mana, ko ita ma sai masu Abuja

Hajiya Famasi: Sabon magani mai lasisin mallaka baya zuwa da araha Sarki, Atorvastatin ma sai da kamfanonin Indiya suka shigo sannan talaka ya samu. Abinda zai sauƙaƙa mana kawai ba ruwanta da firij da sirinji. Amma tana da nata sharaɗin, da safe ciki ba komai sannan a jira minti 30 kafin a ci abinci, irin na Rybelsus, wato Semaglutide na ƙwaya.

Nura Jidda: Toh da azumi fa, mutum ya tashi minti 30 kafin sahur kenan

Hajiya Famasi: Haka masu Rybelsus ɗina suke yi, su sa ƙararrawa su sha da ɗan ruwa kaɗan su yi nafila kafin a zuba abinci. Masu makara ne ke shan wahala.

Baffa Sule: Dakta ni yanzu kun sa min wasi-wasi. Gwajin kitsen nan dole sai mutum bai karya ba ake yi? Shekara 64 ban taɓa yi ba

Dakta MK: Baffa ba dole bane, yawanci ko ka karya ana iya ɗiba, sai in wani ɓangaren mai suna tiraigilisarayid ya fito sama sosai sannan a ce ka dawo da safe baka ci komai ba. Ka ce a haɗa maka da suga da ƙoda, a auna hawan jini hannu biyu. In takardar ta fito ka turo min ta gefe kar ka sa a nan, yaran nan zasu sa ka a gaba da maganar man shanu.

Ɗan Samaru: Baffa in HDL ɗinka ya fito ƙasa kuma kana garau ka sanar dani, ina neman abin rubuta digiri 😂

Baffa Sule: Ja'iri. Sai ka biya kuɗin gwajin tukuna